Minti 42: Wa Ya Yanke wa Albam Tsawonsa?

Albam huɗu muka saya a 'yan watannin nan, kuma babu biyu a cikinsu da tsawonsu ya zo ɗaya. “Thriller” na Michael Jackson waƙa tara ne, minti 42. “30” na Adele waƙa goma sha biyu ne, minti 58. “Mr. Money with the Vibe” na Asake shi ma waƙa goma sha biyu ne, amma a minti 30 ya gama abin da zai faɗa ya sauka. Sabon naɗin “Red” na Taylor Swift kuwa waƙa talatin ne, sai mutum ya ba shi awa biyu da minti goma. Duk sunansu albam, duk ana jera su a layin kiɗan zamani da ake kira pop. To, wa ya yanke wa kowanne tsawonsa?

Amsar da za ta fara zuwa baki ita ce mawaƙi. Mu da muke cin abinci da rubuta manhaja ba mu cika saurin yarda da irin wannan amsa ba, domin mun san yadda aiki yake fitowa. Mutum yakan ce ra'ayinsa ne ya sa ya tsara abu kaza, alhali girman memori ne ko ƙarfin batir ya tilasta masa. Waƙa ma haka take. In aka bi sawun waɗannan lambobi huɗu, sawun yakan wuce ɗakin mawaƙi, ya shiga ɗakin gwajin injiniyoyi, wani lokacin ma ya ƙare a teburin masu lissafin kuɗi.

A fara da sunan kansa. Thomas Edison ya fara naɗar murya a 1877 a jikin wani abu mai kama da gwangwani. Shekara goma bayan haka Emile Berliner ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe, kuma shi ya ci kasuwa. Shi ne faifan garmaho da kakanninmu suka sani, wanda sai an wana hannu kafin ya yi magana. Yana juyi 78 a minti ɗaya, kuma gefe guda na mai faɗin inci goma ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi. Mawaƙin da ya shiga naɗi a wancan zamani ya san in ya ja zance, allura za ta kai ƙarshe yana tsakiyar baiti. Sai aka koyi gajarta waƙa: a shiga da wuri, a kawo amshi, a maimaita, a fita. Minti ukun da har gobe gidajen rediyo ke so a waƙa gadon wannan faifai ne. Idan kuma kiɗan mai tsawo ne, irin na manyan makaɗan Turai, sai a raba shi a faifai huɗu ko biyar, a zuba su a wani littafi mai aljihu-aljihu irin wanda ake adana hotunan biki a ciki. Sunan littafin hotunan nan, albam, shi ya bi waƙoƙin har yau, ko da yake littafin ya daɗe da ɓacewa.

A watan Yunin 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya tara 'yan jarida a New York ya nuna musu sabon faifai. An rage masa gudu zuwa juyi 33 da sulusi a minti, an matse layin da allura ke bi ya zama siriri, an kuma yi shi da roba maimakon tsohon haɗin nan da ke tarwatsewa in ya faɗi ƙasa. Kowane gefe ya koma yana ɗaukar wajen minti 22. Shekara guda bayan haka abokin hamayyarsu RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, waƙa ɗaya a gefe. Kasuwa ce ta raba musu gardama. Ƙaramin ya zama na waƙa guda da matasa ke saye da 'yan kuɗin kashewarsu, babban ya zama albam kamar yadda muka san shi.

Akwai wani abu a jikin babban faifan da ya shafi jerin waƙoƙi kai tsaye, kuma lissafin 'yan sakandare ne. Faifan yana juyawa da gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, amma da'irar bakinsa ta fi ta cikinsa girma nesa ba kusa ba. A bakin faifai allura tana cin kusan santimita 50 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ta kai kusa da takardar tsakiya, ta koma wajen 20. Wato sauti iri ɗaya ake cusawa a filin da bai kai rabi ba, sai kaifin murya da na ƙarafa su fara karcewa. Shi ya sa masu yanka faifai kan ba da shawarar a sa waƙa mai zafi a farkon gefe, a ajiye mai sanyi a ƙarshe. Kauri ma yana cin fili. Amon ganga mai nauyi yana sa layin ya yi lanƙwasa mai faɗi, don haka duk mintin da aka ƙara wa gefe, da ƙarfin sauti ake biyansa. Sannan ga juyawa: a tsakiyar tafiya dole mai sauraro ya tashi ya kifa faifai, don haka kowane albam yana da buɗewa biyu da rufewa biyu.

Mawaƙa masu basira sun mai da wannan takura jari. A 1955 Frank Sinatra ya cika “In the Wee Small Hours” da waƙoƙin kaɗaici zalla, yanayi ɗaya daga allura ta sauka har ta tashi. A 1967 'yan Beatles suka ƙi ciro ko waƙa ɗaya daga “Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band” su sayar da ita a ƙaramin faifai a Ingila, mai so ya sayi duka. A 1971 Marvin Gaye ya ɗinke yawancin waƙoƙin “What's Going On” da juna, wata na shiga cikin wata. A Legas kuwa Fela Kuti ya kai abin maƙura: waƙa ɗaya ta cinye gefe guda, ya bar kiɗa ya yi mintoci yana tafasa kafin ya buɗe baki.

“Thriller” ɗan wannan gida ne, kuma yana cikin 'yan autansa. An naɗe shi a Los Angeles, ya fito a ƙarshen Nuwamban 1982, Quincy Jones ne furodusa, Bruce Swedien ne injiniyan sauti. Dukansu biyun sun sha ba da labarin ranar da aka kammala aiki aka zauna saurare, aka ji abin bai yi daɗi ba. An cusa wa faifan mintoci fiye da ƙima, sautin ya fito a shaƙe, ba shi da ƙarfi. Suka ɗan huta, suka dawo suka sake haɗa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, har da datse baiti daga “The Lady in My Life”. Abin da ya rage shi ne wajen minti 20 a gefen farko, wajen 22 a na biyu. Albam ɗin da ya fi kowanne ciniki a tarihi, wanda ya yi mako 37 a saman jadawalin Billboard na Amurka, wanda waƙoƙi bakwai cikin taransa suka shiga sahun goma na farko, da ma'aunin allura aka auna masa riga.

Kuma ana jin haka in an saurare shi a jere. Gefen farko ya buɗe da “Wanna Be Startin' Somethin'”, minti shida na ganga da ba ta numfashi, daidai inda faifai ya fi lafiya. Gefe na biyu ya buɗe da “Beat It” da jitar Eddie Van Halen, “Billie Jean” ta biyo baya, daga nan wuta ta riƙa lafawa har aka sauka a kan waccan mai sanyin da aka datse wa baiti. Ba doka ce da ba a karyawa ba, domin waƙar “Thriller” kanta, da duk hayaniyarta, ita ta rufe gefen farko. Amma a duba yadda aka rufe shi: da dariyar Vincent Price mai tayar da tsikar jiki, sai shiru. A 1982 wannan shirun yana da tsawo, sai mutum ya tashi, ya ɗaga allura, ya juya faifai, sannan ƙarar nan mai kama da ta ƙararrawa ta buɗe “Beat It”. A faifan CD ɗin da muka saya, shirun 'yan daƙiƙoƙi ne. Mukan danna tsayawa a wurin da gangan. A kunnenmu, “The Girl Is Mine” da ya yi da Paul McCartney ita ce mafi rauni a taran, mutum biyu manya suna jayayyar wasa a kan budurwa, kuma abin mamaki ita aka fara fitarwa kasuwa. Amma a albam mai waƙa tara, rauni ɗaya bai kai minti huɗu ba, kafin ka gaji ya wuce.

Wani abu da ya kamata mai sauraro a nahiyarmu ya sani: amshin da ke rufe waƙar farko an ɗauko shi ne daga “Soul Makossa”, wadda Manu Dibango na Kamaru ya fitar a 1972. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta da kuɗi a wajen kotu.

A ƙasar Hausa dai kaset ne ya yi sarauta. Kamfanin Philips na Holan ya fito da shi a 1963 a ƙarƙashin injiniya Lou Ottens, ya kuma bar sauran kamfanoni su ƙera shi ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, abin da ya sa ya mamaye duniya. Yana da arha, ba ya tsoron ƙura kamar faifai, yana aiki da batir, kuma uwa uba ana iya naɗa a kansa. Kaset bai taɓa tsarin gefe biyu ba, ya dai ƙara masa numfashi. Mai minti 90 yana ba da 45 a kowane gefe, wato albam mai minti 42 yana shiga gefe guda cif, har da ragowar minti uku, a sa wani albam a bayansa. Yawancin gidajen da aka ji Michael Jackson a garuruwanmu ta wannan hanya aka ji shi, a kaset ɗin da mai rikoda a kasuwa ya kwafa, sunan waƙoƙi da biro in an yi sa'a. Biron nan kuma shi ake zura wa kaset a mayar da zare in rediyo ya tauna. Waƙar Shata mai dogon zango ta sami wurin miƙe ƙafa a kaset. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, kaset ɗin waƙoƙin fim kan riga fim ɗin isa Ƙofar Wambai, ya zama shi ne tallarsa.

A daidai lokacin da ake fama da mintocin “Thriller”, magajin faifai ya riga ya iso. A watan Oktoban 1982 aka fara sayar da CD a Japan, aikin haɗin gwiwar Sony da Philips. Faɗinsa santimita 12, babu allura, hasken laser ne ke karanta lambobi. Ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa a rubuta shi da sifili da ɗaya, don haka waƙar ƙarshe da ta farko lafiyarsu ɗaya. Yana ɗaukar minti 74 a gefe guda. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne an zaɓi wannan adadi ne don kiɗan Beethoven na tara ya shiga ba a raba shi ba. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon a bayyane yake: juyawa ta mutu, kuma filin ya kusa ninkawa. CD ya fi faifai tsada a shago, sai kamfanoni suka ga ya kamata mai saye ya ji ya sami na kuɗinsa. A shekarun 1990 albam mai minti 65 ko 70 ya zama ruwan dare, waƙa uku masu kyau da goma sha biyu na cike gurbi. Wanda ya ba da kuɗin faifai sukutum don waƙa ɗaya bai manta ba, kuma ya sami ranar ramuwa.

Ranar ta fito ne daga cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Erlangen a Jamus, inda Karlheinz Brandenburg da abokan aikinsa suka yi shekaru suna nazarin abin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Idan ƙara mai ƙarfi ta zo tare da wata 'yar siririya kusa da ita, kunne ba ya kama siririyar. To me zai sa a ajiye ta? Da wannan dabara suka zubar da kusan kashi tara cikin goma na lambobin, waƙa ta ci gaba da zama waƙa. Minti ɗaya a CD yana cin wajen megabayit goma, a MP3 ya koma wajen ɗaya. A 1995 aka raɗa wa fayil ɗin suna. A 1999 wani ɗalibi mai suna Shawn Fanning ya saki manhajar Napster, kowa ya shiga ɗiban waƙa daga kwamfutar kowa kyauta. Kotu ta durƙusar da Napster a 2001, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 2003 Apple ya buɗe shagon iTunes, waƙa ɗaya santi 99, ba sai ka sayi 'yan uwanta ba. Cinikin waƙa a Amurka, wanda ya haura dala biliyan 14 a 1999, ya faɗo zuwa wajen biliyan 7 a 2014.

Mu namu Napster ɗin yana bakin titi, a ƙarƙashin lema, da kwamfuta da janareta. Masu tura waƙa ke nan. Ka miƙa memori, ka faɗi na nawa kake so, a cika maka. Abin da bai samu a can ba, aboki ya turo ta Bluetooth, wayoyi biyu a kan benci kamar masu gaisawa. A wannan duniya albam ba shi da ma'ana, domin babu kwali, babu jeri, sau da yawa babu ma sunan mawaƙi. Duk da haka ta raya waƙoƙin da babu kamfanin da zai kalle su. Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga Nijar, ya naɗi albam ɗinsa na farko, “Anar”, a Sakkwato a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Ba a kai shi shago ba. Waƙoƙin suka bi wayoyi suka tsallaka hamada, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya a arewacin Mali, ya sa ta a tarin da ya kira “Music from Saharan Cellphones” a 2011. A kan me ya buga tarin? A faifan allura mai gefe biyu, irin na 1948.

Yanzu kuma zamanin sauraro kai tsaye ta intanet ne. Spotify ya fara a Suwidin a 2008, bai iso Najeriya ba sai Fabrairun 2021, lokacin da Audiomack da Boomplay suka riga suka zauna a wayoyin mutane. A nan babu gefe, babu minti 74, fili ba shi da iyaka. Sai dai wata iyakar ta maye gurbi, kuma ta kuɗi ce. A Spotify ana lissafa an saurari waƙa ne in ta kai daƙiƙa 30, kuma lissafi ɗaya ne ko waƙar minti biyu ce ko ta minti goma sha biyar. A Disamban 2014 jadawalin Billboard ya fara ɗaukar sauraro 1,500 a matsayin sayen albam ɗaya. Duk wanda ya iya lissafi ya ga inda riba take: waƙoƙi su yi yawa, kowacce ta gajarta, amshi ya zo kafin yatsa ya tsallake. A 2017 Chris Brown ya fitar da albam mai waƙa 45. “Old Town Road” ta Lil Nas X, a siffarta ta farko, ba ta kai minti biyu ba.

Albam ɗin Asake, wanda ya fito a Satumban 2022, ɗan wannan zamani ne sak. Waƙa goma sha biyu a minti 30, wato kowacce wajen minti biyu da rabi. Rabin awar Fela lissafi biyu ce a na'ura, rabin awar Asake goma sha biyu. Ba muna cewa ya zauna da kalkuleta ya rubuta waƙa ba ne. Kunnen zamaninsa ne ya ginu a haka, kamar yadda kunnen mawaƙan garmaho ya ginu a kan minti uku. Abin da ya burge mu shi ne abin da ya cusa a ɗan filin. Tushensa fuji ne, kiɗan Yarbawa da a hannun su Sikiru Ayinde Barrister yakan cinye gefen kaset bai gama gaisuwa ba. Shi da furodusansa Magicsticks suka haɗa shi da gangar amapiano ta Afirka ta Kudu da amshin taron muryoyi, suka matse shi kamar an dafa kaskon miya har ya koma cokali guda. Ƙorafinmu ɗaya ne: akwai waƙoƙin da daidai lokacin da suka fara zafi suke tsayawa. Mukan maimaita su, wanda kuma shi ne abin da na'urar lissafin take so.

Adele ta bi ta ɗaya hanyar. “30” ya fito a Nuwamban 2021, labarin mutuwar aurenta ne da ƙoƙarin yi wa ɗanta bayani, kuma waƙoƙi biyar a ciki sun haura minti shida. Ba albam ne da za mu sa a mota ana hira ba, akwai wuraren da nauyinsa ke yi mana yawa. Amma an jera shi da niyya, daga ruɗewa zuwa haƙuri, kuma ta tsaya wa jerin. A lokacin, in ka buɗe albam a Spotify babban maɓallin da ke gabanka na cakuɗa waƙoƙi ne. Ta nemi a canza, tana cewa mawaƙa ba da wasa suke jera waƙoƙinsu ba, kamfanin kuma ya amsa, maɓallin ya koma kunna albam daga farko ga masu biyan kuɗi. Mutum zai ce ƙaramin abu ne. A sana'armu mun san babu abin da ya kai saitin da manhaja ta zo da shi ƙarfi, domin yawancin mutane ba sa taɓa shi har su canza waya. A shekarar da ta biyo baya, faifan allura ya fi CD ciniki a Amurka, miliyan 41 da miliyan 33, karo na farko tun 1987.

Tsawon “Red” kuma daga takardar yarjejeniya ya fito. Waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu: na baitoci da karin da aka tsara, da kuma na naɗin da aka yi a sutudiyo, wanda 'yan harkar ke kira masta. Taylor Swift ta sa hannu da kamfanin Big Machine tana yarinya, mastocin albam shida na farko suka zama na kamfani. A Yunin 2019 aka sayar da kamfanin da su a ciki ga Scooter Braun a kan kuɗin da aka ruwaito sun kai wajen dala miliyan 300. Da yake da hannunta aka rubuta waƙoƙin, sai ta koma sutudiyo ta sake rera su, ta sa wa sabon naɗin tambarin “Taylor's Version”. Amma me zai sa wanda ke da tsohon ya sayi sabo? Dole a ƙara masa wani abu. “Red” na 2012 waƙa goma sha shida ne, na 2021 ya zama talatin, CD biyu, ko faifan allura huɗu. A ganinmu ya yi yawa, kuma ba mu taɓa kai ƙarshensa a zama ɗaya ba. Amma a cikin ƙarin akwai “All Too Well” mai minti goma da daƙiƙa goma sha uku, wadda ta zama waƙa mafi tsawo da ta hau saman jadawalin waƙoƙin Amurka. A zamanin garmaho sai an raba ta a faifai biyu. A watan Mayun 2025 mawaƙiyar ta sanar cewa ta sayi tsofaffin mastocin nata.

Rigimar tata ita ta tura mu ga tambayar da ta sa muka zaro kuɗi tun farko, alhali duk waƙoƙin nan suna cikin waya a kan ɗan kuɗin wata. In mawaƙiyar da ta rera waƙa tana iya wayar gari ba ita ke da naɗin muryarta ba, mai sauraro me yake da shi? Lasisi ne, izinin ji, wanda ke ƙarewa ranar da kati ya ƙi biya ko ranar da manya suka saɓa. Kayan aro ba ya rufe katara. Taylor Swift ɗin nan ta janye waƙoƙinta daga Spotify a 2014, ba su dawo ba sai 2017. Neil Young ya janye nasa a 2022 ya mayar a 2024. A 2019 shafin MySpace ya amsa cewa a wajen sauya kwamfutocin ajiya ya yi asarar waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 50. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwashe bayanai daga wata na'ura zuwa wata ya san yadda gaba ke faɗuwa da jin wannan. A 2024 jihar Kalifoniya ta yi doka cewa shagon intanet ba zai rubuta “saya” a kan abin da lasisi kawai yake bayarwa ba sai ya bayyana wa mai saye haka ƙarara.

Don haka uku daga cikin huɗun a CD muka saye su, na Asake kuma fayil ne da ake saukewa ya zauna a na'urar mutum. Kwamfutocin yanzu ba su da ramin faifai, sai da muka nemo na'urar karantawa ta waje mai igiya. Muka kwafe su a tsarin da ba ya zubar da komai daga sautin, muka ajiye a wuri biyu.

A wajen kwafar akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Yawancin faifan CD ba sa ɗauke da sunan mawaƙi ko na waƙa. Abin da ke farkon faifan ɗan jadawali ne kawai: waƙoƙi nawa ne, kuma a ina kowacce ta fara. Manhaja tana karanta waɗannan lambobi, ta aika su wani rumbu a intanet, a nemo albam ɗin da tsawon waƙoƙinsa ya yi daidai da su, a dawo mata da sunaye. Da wuya albam biyu su zo da jerin tsawo iri ɗaya, don haka tsawon shi ne zanen yatsan albam. Masu sauraro ne suka fara cika irin wannan rumbu da hannunsu a shekarun 1990, mai suna CDDB, da ya koma hannun 'yan kasuwa sai aka kafa MusicBrainz a 2000 don ya zama na kowa. “Thriller” ko daƙiƙa biyu bai yi ba sunayensa tara suka bayyana. In kuwa faifan waƙoƙin Hausa ne da aka buga a Kano a shekarun 2000, sau da yawa babu abin da ke dawowa sai lamba ɗaya, lamba biyu, lamba uku. Waɗanda suka tsira a waya kuma suna yawo a WhatsApp da sunan da manhajar ta laƙaba musu, haruffa da kwanan wata. Duk mai faifai a hannu yana iya shigar da sunayen a MusicBrainz, kyauta ne. Sai dai yana buƙatar kwalin, domin a bayansa aka rubuta wa ya rera, da wacce ke bin wacce.